Ƙugu Yana Ƙara da Ciwo Bayan Yagewar Tsokar Bayan Cinya: Tambayoyi da Amsoshi kan Sikanin

Aikina gashin ƙashi ne a nan Kaduna, kuma akwai wani ƙorafi da ya yi ta dawo min har na fara rubuta tambayoyinsa a bayan littafin aiki. Mutum ya ji ciwo a tsokar bayan cinya, ya yi jinya, ya ɗauka ya warke, sai ƙugu ya tsiri wata ƙara mai zafi duk sanda ya sunkuya ko ya miƙe. Masu zuwa da shi iri-iri ne: 'yan ƙwallon safiyar Lahadi a Murtala Square, samari masu atisayen neman shiga soja, mahaya dawaki, da iyaye mata da santsin tayil ya kwasa a banɗaki. Ga tambayoyin kusan yadda suke fitowa daga bakinsu, da yawansu kan sikanin ne, wato hoton cikin jiki da ake yi da sauti. Karanta su ba zai ɗauke wa kowa zuwa a duba shi ba.

Wai wace tsoka ce ake cewa ta yage, kuma ina ruwanta da ƙugu?

Zauna a kan benci, ka cusa tafin hannunka ƙarƙashin mazaunai. Ƙashin nan da za ka ji yana danne yatsunka shi ne ƙashin zama. Daga jikinsa tsokoki uku suka taso, suka gangara ta bayan cinya, suka tsallake gwiwa, suka kama ƙasusuwan ƙwauri. Su ake ce wa hamstirin a asibiti. Biyu daga cikinsu igiya ɗaya suka haɗa a inda suka manne da ƙashin, ta ukun tana da tata daban. Suna lanƙwasa gwiwa, suna jan cinya baya, amma babban aikinsu birki ne: su ke tare ƙafa idan ta yi gaba da gudu kafin ta taka ƙasa.

Yagewar kan zo ta hanya biyu. Akwai ta gudu, inda ɗan ƙwallo zai bi ƙwallo sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya, har ya waiga neman wanda ya jefe shi. Akwai kuma ta miƙewa fiye da ƙima, kamar wanda santsi ya kwasa, ƙafa ɗaya ta yi gaba, gwiwa a miƙe, jiki ya rufta a kai. Wannan ta biyun can sama take kamawa, dab da ƙashin zama, ta fi jinkirin warkewa, kuma ita ce ta fi barin ƙara a baya.

Kafin mu yi nisa, a gyara wata kalma. Da Hausa jijiya ɗaya ce ga abubuwa uku: ta jini, ta laka mai kai saƙo, da farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda ba ta taunuwa a nama. Wannan ta ƙarshen agara zan riƙa ce mata, don rikicin da kalmar jijiya ke jawowa tsakanin likita da mara lafiya ba kaɗan ba ne.

Ciwon ya yi wata biyu da lafawa. Me ya sa sai yanzu ƙarar ta fara?

Don a makonnin farko kumburi da zafi sun hana ka yin motsin da ke fito da ita. Idan wani ɓangare na agarar ya ɓalle daga ƙashin zama bai koma ya manne daidai ba, yakan zama sako-sako. Ka sunkuya, ya zame ta kan tsinin ƙashin, ka miƙe, ya faɗo wurinsa da ƙarfi. Faɗowar nan ce kake ji "ƙas". Wani lokaci agarar ta manne, amma ta warke da tabo mai kauri, shi ne yake maƙalewa yana kuɓucewa.

Akwai dalili na biyu da mutane ba su cika kawowa a rai ba. Makonnin da ka yi kana ɗingishi sun sauya takunka, wasu tsokoki sun yi rauni, wasu sun ɗaure, sai wata agara daban da ba ta taɓa jin ciwo ba ta fara tsalle. Tambaya ta gaba kan wannan take.

Ke nan ba duk ƙarar ƙugu ce daga tsokar da ta yage ba?

Ko kusa. Abu na farko da nake cewa mutum shi ne ya nuna min wurin da yatsa ɗaya, ba da tafin hannu ba. Idan ya nuna gefe, kan tudun ƙashin da aljihun wando ke kwanciya a kai, to galibi faffaɗar agarar gefen cinya ce ko bakin tsokar ɗuwawu ke tsallake tudun. Idan ya nuna gaba, wajen lanƙwasar cinya da mara, to agarar tsokar da ke ɗaga cinya ce, wadda ake kira iliyosowas, kuma takan yi ƙarar ne sanda mutum ya sauke ƙafa bayan ya ɗaga ta ya buɗa. Likitocin ƙashi kan ce ta gefe daga bakin ƙofa ake ganinta, ta gaba kuma daga bakin ƙofa ake jin ta.

Idan ya kama ƙugun da babban yatsa da manuni ya ce "can ciki ne", kuma gaɓar tana maƙalewa ko tana neman kayar da shi, sai a yi tunanin guringuntsin da ya kewaye bakin kwatangwalo ya tsage, ko wani ɓarɓashi na yawo cikin gaɓar. Sai ta baya, daidai ƙashin zama, wadda ita ce ainihin ta hamstirin. Ita ce mafi ƙaranci a cikinsu. Tun 1980 aka bayyana ta a mujallar likitoci, amma har yau likita na iya shekaru yana aiki bai ci karo da ita ba, shi ya sa ake yawan kuskure ta. A bayan ma akwai wata mai kama da ita, inda wata 'yar tsoka ke matsewa tsakanin ƙashin zama da ƙashin cinya idan mutum ya yi dogon taku.

Ni ji nake kamar ƙashin ne ke gocewa yana komawa. Ba haka ba ne?

Haka kowa ke cewa, musamman masu ta gefe. Amma kan ƙashin cinya a cikin rami mai zurfi yake zaune, an ɗaure shi da mafiya ƙarfin igiyoyin jiki. Sai hatsari irin na mota ke fitar da shi, kuma wanda nasa ya fita ba ya tashi, balle ya zo asibiti da ƙafarsa. Abin da kake ji yana motsi a ƙarƙashin hannunka agara ce.

Ƙanena nasa yana ƙara amma ba ya ciwo. Shi ma ya je sikanin?

A'a. Ana kiyasin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ƙarar ƙugu, kuma yawancinsu ba ta dame su da komai. Ƙarar da ke buƙatar bincike ita ce mai zafi, ko wadda ta biyo bayan rauni, ko mai tafe da rashin ƙarfin ƙafa. Ya dai daina nuna ta a majalisa, don yawan maimaitawa na iya sa wurin ya kumbura.

An yi min hoton ƙashi aka ce lafiya lau. Wani ma har MRI ya yi bai ga komai ba. Me sikanin zai gani da su ba su gani ba?

Motsi. Hoton ƙashi ƙashi yake nunawa, agara ba ta fitowa a cikinsa. MRI kuwa, wato hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, yana nuna tsoka da agara fiye da kowane hoto, amma sharaɗinsa shi ne ka kwanta shiru kada ka motsa, wani lokaci har rabin awa ko fiye. To abin da ke damunka sai ka motsa yake faruwa. Kamar a ce ana neman ɓeran da sai dare yake fitowa, aka shiga ɗakin da rana aka ɗauki hoto. Hoton bai yi ƙarya ba, amma ɓeran na nan.

Sikanin yana aiki da sauti mai ƙarfin kaɗawa da kunne ba ya ji, wanda ke shiga jiki ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto nan take, hotuna da yawa a daƙiƙa guda. Don haka ana iya ɗora kan na'urar a wurin, a ce ka yi motsin, a ga agarar tana tsalle a allo daidai lokacin da ka ce "wash". Haɗuwar abubuwa ukun nan, tsallen a allo, ƙarar a ƙarƙashin hannun mai duba, da zafin da ka sani, ita ce hujjar. Idan agara ta yi tsalle amma ba nan ne ciwonka ba, ba a kama mai laifi ba tukuna.

Wannan ba ya nufin kuɗin da ka kashe a hoton ƙashi sun tafi a banza. Duba amsar da ta shafi yara matasa da ta masu sikila, za ka ga inda shi ne kan gaba.

Ba sikanin masu juna biyu ba ne? Akwai wurin da ake yi a unguwarmu, in je can?

Na'urar iri ɗaya ce, amma kan da ake ɗorawa a jiki da idon mai dubawa sun bambanta. Na duba ciki kansa a lanƙwashe yake, yana aiki da megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 2 zuwa 5, yana hango nesa amma ba ya fito da ƙananan abubuwa. Na duba agara kansa a miƙe yake kamar bakin reza, daga megahaz 5 zuwa 15 ko sama, ba ya nisa amma yana nuna zaren agara dalla-dalla. Wajen ƙashin zama yana da zurfi, don haka ga mai jiki akan haɗa duka biyun.

Na sha karɓar takardar sakamako daga wurare da ba zan ambata ba, an rubuta ba a ga komai ba, in tambayi mai ita ko an sa shi ya motsa ƙafa, ya ce a'a, a kwance aka shafa aka ce ya tashi. Wani ma mararsa aka duba, aka ba shi labarin mafitsara. Kafin ka biya, yi tambaya uku: kuna da miƙaƙƙen kai na duba tsoka da agara? Wanda zai duba ya saba da irin wannan aiki? Za a duba ina motsa ƙafar? Idan aka fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Yaya ake yin gwajin? Da zafi?

Ba allura, ba yanka, ba kuma hasken nan na hoton ƙashi, don haka ko mai juna biyu tana iya yi. Ba a buƙatar azumi ko cika mara da ruwa. Za ka kwanta rub da ciki, a shafa man sikanin mai sanyi a lanƙwasar da ke ƙarƙashin ɗuwawu, a nemo ƙashin zama, wanda ke fitowa a allo kamar farin layi mai baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Daga nan a bi agarar a kwance da kuma a tsaye, a gangara har cikin tsoka. Sai a duba ɗaya ƙafar mai lafiya don a gwada. Bayan wannan ne ake zuwa ga motsi: a kwance ta gefe ana lanƙwasa cinya, ko a tsaye ka dafa gado kana sunkuyawa. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Na taɓa raka wani saurayi ɗan ƙwallo daga Tudun Wada. An yi kusan minti 20 yana kwance ana juya ƙafar, shiru. Ya ce, "Likita, a bar ni in tashi, sai ina ɗaure takalmi take yi." Aka bar shi. Ya ɗora diddige a kan kujera, gwiwa a miƙe, ya sunkuya kamar zai kamo igiyar takalmi, mai hoton ya durƙusa a bayansa yana riƙe da kan na'urar da hannu biyu don kada ya zame. Da ya fara ɗagowa sai muka ga wani farin dunƙule a gefen ƙashin ya yi tsalle ya koma, shi kuma ya ja iska ta haƙora. Aka maimaita sau uku, aka naɗi bidiyon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun kunya kuma gaskiya ne, wurin ba na nunawa ba ne. A zo da gajeren wando mai faɗi, mace ta zo da zane na rufawa, kuma Hajiya tana da damar neman mace ta duba ta ko a tsayar da ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Amma kada a ce a duba ta kan tufa, sautin ba ya ratsa iska. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Me mai hoton ke nema a allon?

Lafiyayyar agara fara ce, zarenta a jere kamar na sabuwar igiya. Wadda ta ji ciwo takan yi kauri, ta yi duhu, zaren ya hargitse. Yana neman baƙin gurbi tsakanin agara da ƙashi, alamar ɓallewa, ya auna faɗinsa. Yana duba ko akwai tsohon jini da ya taru, ko ƙwayoyin alli da suka daskare cikin tabo, ko fuskar ƙashin ta yi kaushi. Yana kuma nemo jijiyar laka ta sayatik, wadda ke gangarawa ta bayan cinya, ya ga ko tana zamewa sumul idan an motsa ƙafa. Ka roƙa a rubuta a takarda wane motsi ne ya fito da ƙarar, wace agara ce ta yi tsalle, ta kan me, kuma ko ya zo daidai da zafinka. In da hali a tura maka bidiyon a waya, don hoto ɗaya da aka buga a takarda ba ya nuna tsalle.

Idan na je ƙarar ta ƙi fitowa fa?

Yana faruwa sosai, kamar motar da ke daina ƙara da zarar an isa gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwana biyu ko uku kafin ranar, ka lura da ainihin motsin da ke kawo ta, a tsaye ne ko a zaune, gwiwa a miƙe ko a lanƙwashe, wajen sunkuyawa ko wajen ɗagowa. Ka sa wani ya ɗauke ka a waya kana yi. Idan sai ka yi tafiya take fitowa, ka zaga harabar asibitin kafin a kira ka. Kada kuma ka sha maganin kashe zafi dab da shiga, sai in likita ne ya ɗora ka a kai, don ana son ka iya cewa "nan ne".

Idan duk da haka ta ƙi, sakamakon bai ce ba ka da komai ba. Abin da ya ce shi ne ba a gani ba a ranar. Ana iya sake gwadawa.

Sikanin na iya yin kuskure?

Ƙwarai, kuma kuskurensa yawanci na hannu ne. Agara tana da wata ɗabi'a: idan kan na'urar ya ɗan karkace bai fuskance ta sosai ba, sai ta fito baƙa kamar ta yage alhali lafiyarta ƙalau. Wanda ya ƙware yakan gyara hannunsa ya ga baƙin ya ɓace, wanda bai saba ba ya rubuta yagewa. Ga mai kauri kuma hoton kan dushe saboda zurfi. Sannan sauti ba ya ratsa ƙashi, don haka abin da ke cikin gaɓar kwatangwalo kaɗan ne yake gani.

Shi ya sa akan koma ga MRI idan ana zargin cikin gaɓa, ko ana son sanin agara nawa ne suka ɓalle da nisan da suka ja baya kafin a yanke shawarar aiki. Ba kishiyoyi ba ne. Ɗaya yana nuna girman ɓarnar, ɗaya yana nuna abin da ke faruwa sanda ka motsa.

Bayan ƙarar, ina jin kamar wutar lantarki na ja na har sha-raɓa, ƙafar kuma tana sagewa idan na daɗe a zaune. Duk abu ɗaya ne?

Yana iya zama. Jijiyar sayatik, wadda ta fi kowace jijiyar laka girma a jiki, tana wucewa ne santimita 1 zuwa 2 kacal daga gefen ƙashin zama. Jinin da ya taru bayan rauni na iya danne ta, tabo kuma na iya liƙe ta da agarar, ta yadda duk tsallen da agarar ta yi sai ta fizge ta. Amma irin wannan zugi yana zuwa daga gadon baya ma, don haka dole a duba bayan.

Kada a jira ranar sikanin idan tafin ƙafa ya fara faɗuwa yana jan ƙasa, ko sagewar ta kai matse-matsi, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓucewa. Haka nan idan sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, don yana iya zama gudan jini. Waɗannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti.

Ɗana shekararsa 15, a filin makaranta ya ji ciwon. Shi ma sikanin za a fara yi masa?

A'a, Baba, hoton ƙashi za a fara. A wannan shekarun tsinin ƙashin zama bai gama haɗewa da uwar ƙashin ba, guringuntsi ne a tsakani, kuma sai an haura shekara 20 yake gama rufewa. Agarar yaro ta fi wannan guringuntsin ƙarfi, don haka maimakon ta yage sai ta ɓantaro ƙashin. Hoton ƙugu daga gaba yana nuna wannan. Idan aka bar shi a matsayin targaɗe, ɓallin na iya warkewa a karkace ya zama dunƙule mai hana zama, wani lokaci mai ƙara.

Akwai kuma wata matsala ta masu tasowa, musamman masu jiki, inda kan ƙashin cinya ke zamewa a wurin girmansa. Yaron kan yi ɗingishi, tafin ƙafa ya juya waje, sau da yawa ma gwiwa zai ce tana masa ciwo. Wannan aikin likitan ƙashi ne cikin hanzari, kuma kada yaron ya ci gaba da taka ƙafar.

Ina da sikila. Akwai abin da ya bambanta a wajena?

Akwai, kuma ki faɗa tun a bakin ƙofa ko ba a tambaye ki ba. Sikila na toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya fara mutuwa, daga baya ya lotsa, gaɓar ta riƙa ƙara da maƙalewa. A farkonsa sikanin ba ya gani, hoton ƙashi ma yana iya fitowa lafiya, MRI ne ke kama shi da wuri. Faɗuwar da kika yi tana iya zama ita ce kawai ta jawo hankali ga abin da ya riga ya fara. Haka wanda ya daɗe yana shan magungunan sitiroyid masu rage kumburi, har da irin waɗanda ake sha don ƙiba. Zazzaɓi, rama, ko ciwon da ke tayar da mutum daga barci su ma suna sauya lissafi, don tarin fuka da sauran ƙwayoyin cuta na kama kwatangwalo.

An ce za a yi min allura ana kallon allo. Magani ne ko gwaji?

Yana iya zama duka biyun. Ana bin allurar da ido a allo har ta isa gefen agarar da ake zargi, a kauce wa jijiyar sayatik, a zuba maganin kashe zafi irin na cire haƙori. Idan ka tashi ka yi motsin, ƙarar na nan amma zafin ya ɗauke, an tabbatar da wurin. Wani lokaci akan haɗa da sitiroyid don rage kumburi, amma a kewayen agara ake zuba shi, ba a cikinta ba, don yana raunana ta. Wannan ma ya isa dalilin da zai hana ka yarda a yi maka irin wannan allura da lalube.

Na je wajen maɗori ya ja ƙafar, wanzami ya yi min ƙaho, ina kuma shan na kemis. Na ɓata wani abu?

Ba na raina maɗora, amma nan babu ƙashin da ya goce da za a mayar, kuma jan ƙafa gwiwa a miƙe shi ne ainihin motsin da ya yaga agarar tun farko. Murza da ƙarfi a kwanakin farko kuma yana ƙara zubar jini a cikin tsoka. Ƙaho iyakarsa fata, ita kuwa agarar tana can ƙarƙashin tsokar ɗuwawu. Idan akwai sabuwar tsaga a wurin, a bari ta warke kafin sikanin ko allura.

Na kemis ya fi damuna. Diklofenak da ibuprofen dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ƙullin nan da ake haɗawa babu suna sau da yawa da sitiroyid a ciki. Ka zo da duk abin da kake sha a leda, ba wanda zai yi maka faɗa.

Idan an ga agarar tana tsalle, sai an yi aiki ke nan?

Yawanci a'a. Ana farawa da gashi da atisaye na wata uku zuwa shida: a daina miƙar da tsokar da ƙarfi, a fara ƙarfafa ta gwiwa a lanƙwashe, a ƙarfafa tsokokin ɗuwawu, sannan a riƙa ƙara nauyi da tsawo sannu a hankali. Burin shi ne zafi ya tafi, ƙarfi ya dawo. Ƙarar tana iya saura kaɗan, kuma kamar yadda aka faɗa a amsar ƙanen nan mai ƙara ba ciwo, wannan ba abin damuwa ba ne.

Akan yi maganar aiki idan agara ukun duk sun ɓalle daga ƙashi, ko biyu sun ɓalle sun ja baya fiye da santimita 2, ko jijiyar sayatik ta liƙe, ko an yi watanni ana atisaye na gaskiya ba sauyi. Cikakkiyar ɓallewa ta fi sauƙin ɗinkewa a makonni huɗu zuwa shida na farko. Don haka wanda bayan cinyarsa ya yi baƙi da taruwar jini har gwiwa, ya kasa zama, ya ji rami a ƙarƙashin ɗuwawu, kada ya jira sai ƙara ta fara.

A Kaduna ina zan nufa?

Fara da likita ko sashen gashi, a duba ka da hannu, a rubuta takardar da ta faɗi abin da ake zargi da kuma cewa a duba ana motsi. Takarda mai cewa "sikanin ƙugu" kawai ita ke jawo labarin mafitsara. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da asibitin sojoji na 44 suna da sashen ƙashi da na hoto. Sai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, da asibitin ƙashi na Dala a Kano idan maganar aiki ta taso. Ko ina za ka, sa wani ya tambayo maka ranar da likitan hoto mai duba tsoka da agara ke zama kafin ka kama hanya, don zaman mota shi ne abin da ciwon nan ya fi tsana.

Kafin in warke, yaya zan yi da salla da zama? Kuma yaushe zan koma fili?

Ruku'u gwiwa a miƙe yana jan agarar, don haka ɗan sassauta gwiwa. Idan sujada ko zaman tahiya na tayar da zafin, yi a kujera mai laushi zuwa wani lokaci, addini ya ba da wannan sauƙin. Tsugunno mai zurfi yana matse agarar a jikin ƙashi, masai na zama ya fi a wannan tsakanin. A ofis ko shago, naɗe tawul ka sa ƙarƙashin cinyoyi don nauyi ya tashi daga ƙashin zama, ka riƙa miƙewa duk rabin awa. Mai zuwa Abuja, jirgin Rigasa ya fi masa mota, ko don ya samu tashi ya taka.

Komawa fili kuwa ba da kalanda ake yi ba. Ƙaramin rauni a tsakiyar tsoka kan warke cikin mako biyu zuwa uku, na kusa da ƙashi yana cin watanni. Ciwon hamstirin ya shahara da dawowa, a wasu wasannin har kusan mutum ɗaya cikin uku, kuma ya fi dawowa a makonnin farko bayan komawa. Abin da nake dubawa shi ne: danna wurin ba zafi, ƙarfin ƙafafun biyu ya yi kusan daidai, ka yi gudu iya ƙarfinka sau da yawa a ranaku daban-daban ba ka ji komai ba washegari. Bayan nan ka riƙe atisayen da ake kira Nodik: ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa tafiya gaba a hankali jiki a miƙe kana tare kanka da bayan cinya har ka dafa ƙasa. Binciken da aka tattara daga ƙungiyoyin wasa ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi. Ka fara da sau huɗu ko biyar, sau biyu a mako, kuma kada ka yi shi ana gobe wasa.